Shekarar da Aka Cire Muryar Kulu

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa Baba ya kashe wa yayanku Attahiru aiki saboda taurin kai, don kawai an mayar da "munka" ta koma "muka" a wani tsohon fim da babu mai kallo. Har surukaina sun ɗauki maganar. Na ji matar Bello tana ba 'yar'uwarta labarin a tsakar gida, ba ta san ina bayan katanga ina alwala ba. Shekara biyar ke nan ina jin wannan zance ina haɗiyewa. Yanzu ciwon suga ya fara cin idona, ban kuma san kwanan da ya rage mini ba, shi ya sa na zaunar da Nana, autarku, na ce ta rubuta abin da zan faɗa. Ita Hausar makaranta ta iya rubutawa, na bar ta da abarta. Amma na ce mata maganar da ta fito daga bakin mutane, ta bar ta yadda ta fito.

Ni ɗan mahauta ne, kun sani. A Runjin Sambo, nan cikin Sakkwato, aka haife ni, da wuƙa a hannu na yi wayo. Na bar teburin mahaifina na kama kyamara lokacin da duk wanda ya ga mutum da ita a kafaɗa yake ɗaukarsa ɗan iska. Biki nake ɗauka da suna da walimar saukar karatu, da su na ciyar da ku. Fim kuwa guda ɗaya tak na taɓa yi a rayuwata, labarin wani ɗan mahauci da ya bar gida ya bi fataucin shanu. Mahautan gaske na sa a ciki, abokan mahaifina, da rigunansu masu maiƙo da bakinsu da ba ya jin kunyar kowa. Matsalata ɗaya ce, wadda za ta fito a matsayin uwar yaron. Babu macen Sakkwato da ta yarda ta tsaya gaban kyamara. Sai na ɗauko wata 'yar wasa daga Kaduna. Fuskarta ta dace, tafiyarta ta dace, amma da ta buɗe baki sai ka ji baƙuwa ce a tsakiyar 'yan gida.

A ɗakina nake haɗa fim ɗin, mahaifiyarku Kulu tana gefe tana tsince shinkafa. Duk maganar da matar nan ta yi a talabijin, sai Kulu ta yi dariya ta maimaita ta yadda uwar mahauci za ta faɗa. Ban san lokacin da na dakatar da na'ura na juyo ina kallonta ba. Akwai wurin da yaron zai tafi, uwar ta raka shi bakin ƙofa. Abin da na rubuta mata addu'a ce kawai. Kulu ba ta ko ɗaga kai daga faifai ba, ta ce:

"Tahi, ɗana. Amma ka sani nama ba shi jiran mai shi. In rana ta yi tsaka, ko ka saida ko ka bayas."

Ban rubuta wannan ba, ban kuma isa in rubuta ba. Washegari na sa babbar riga na tafi Minanata wurin mahaifinta, kakanku Malam, wanda kuka san ko rediyo ba a kunnawa a zaurensa sai don labarai. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni ina jiran ya kore ni. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce:

"Matarka ta, Ummaru, ba ni hana ka. Amma hwuskarta ba ta hita, sunanta ba shi hita, kuma muddin ina da rai kada in ji zancen ga bakin kowa."

Mako uku muka yi muna ɗaukar muryarta, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Goggonku Luba take kwashe ku zuwa gidanta. Katifa muke jinginawa a taga saboda ƙarar babura. Kulu tana zaune a kan tabarma, ta rufe ido, tana magana kamar ita ta haifi yaron nan. Fim ya fita, an yi hayarsa a shagunan kaset har Birnin Kebbi da Gusau, kowa yana yabon matar Kaduna da ta iya Sakkwatanci. Mu kuwa mu dubi juna mu yi murmushi. Shekara biyu bayan haka zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta. Attahiru yana da shekara bakwai, Bello huɗu, Nana tana goye. Na ɗauki uwar kaset ɗin, wadda daga ita ake buga sauran, na naɗe ta a zanen Kulu, na kulle a akwatin ƙarfe. Ban sake iya saurara ba. Malam ya rasu bayanta da shekara shida, alkawarin da na yi masa ya sauka daga wuyana, amma ban buɗe baki ba. Kullum sai in ce sai kun ƙara girma. Su kuma shagunan haya suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da idona na ga zaren kaset an ja shi a gonar gero ana korar tsuntsaye da shi.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda Attahiru ya samu aiki da wani kantin finafinai na intanet. Shi ne wakilinsu a wannan yanki, yana bin tsofaffin masu fim yana karɓo ayyukansu a ɗora. Ya zo da wayarsa ya zauna kusa da ni yana nuna mini. Mutum ya buɗe manhaja, ya zaɓi fim, ya biya daga wayarsa, fim ya buɗe masa kwana biyu, sannan ya rufe. Na ce wannan ai haya ce irin tamu ta dā, sai dai babu kaset ɗin da za a dawo maka da shi yara sun tauna. Ya yi dariya, sannan ya faɗi abin da ke ransa. Yana son fim ɗina ya zama na farko da zai kai musu daga Sakkwato. Na ga yadda idonsa ke haske, na tuna shekarar da ya yi yana yawo da takardu babu aiki. Na kwana biyu ina tunani, sannan na buɗe akwatin na miƙa masa kaset ɗin da hannuna. Na ba shi takardar wakilci ya sa hannu a madadina. Sharaɗi ɗaya na gindaya.

"Kada a taɓa komi cikinai. Yadda na ba ka shi, haka nika son in gan shi."

"Baba, gogewa kawai za su yi, hoton ya ƙara haske," in ji shi.

Ga abin da ban faɗa masa ba. Na ƙudurta a raina ranar da fim ɗin zai hau kantin zan tara ku duka, in bari matar nan ta yi maganarta ta farko, sannan in dakatar in ce muku: wannan uwarku ce. Wata uku ina ɗauke da wannan a ƙirjina kamar mai ɓoye kyautar sallah. Ko Luba ban gaya wa ba.

Ranar Juma'a ce, bayan la'asar. Luba ta dama fura, an shimfiɗa tabarmi a falo, jikoki sun cika gaban talabijin. Attahiru ya haɗa waya da talabijin, na ce a bari ni da kaina zan yi hayar. Nana ta riƙe mini yatsa na danna. Abu na farko da na gani, sun canza wa fim ɗin suna. Na ce a raina suna ba komai ba ne. Hoto ya fito tas, ga kasuwa, ga marigayi Ɗan Ige, abokin mahaifina, da wuƙarsa kamar in miƙa hannu in gaishe shi. Sai ya buɗe baki, na ji muryar wani saurayi mai santsi tana fitowa daga bakin tsohon da ya shekara hamsin yana ihu a mahauta. Na ce wa Attahiru ya tura gaba, ya kai wurin da uwar take raka ɗanta. Ya tura. Matar ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga hannu, sai wata murya da ban taɓa ji ba ta ce:

"Je ka, ɗana, Allah ya kiyaye hanya."

Kun ga abin da na yi, ba sai na faɗa ba. Na tashi na fizge wayar talabijin daga bango, ƙwaryar fura ta kife, yara suka fashe da kuka. Kun ɗauka hauka ne. Na ce wa Attahiru ya kira mini mutanen nan yanzu-yanzu. Muka fita zaure, ya kira, ya sa yadda zan ji. Wani ma'aikacinsu ne ya ɗauka, mai ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke ƙara wa mutum zafi. Na tambaye shi wa ya ba su izinin cire muryoyin mutanena.

"Alhaji, ka yi haƙuri, yana cikin yarjejeniya. Sautin ya tsufa, kuma gaskiya Hausar ta yi nauyi. Masu haya in sun ji irin wannan Hausar dariya suke yi, ko su rufe. Taimakon fim ɗin muka yi."

Na ce to na gode da taimako, a mayar mini da kaset ɗina.

"Ai kaset ɗin ya yi fumfuna, Alhaji. Da muka kwashe abin da ke ciki aka zubar da shi. Ba ma ajiye su, babu wuri."

Na ce tsohon sautin fa, wanda suka kwashe? Ya ce bari ya duba. Na ji yana taɓa kwamfuta, yana magana da wani a gefe, har da 'yar dariya a kan wani zance nasu daban. Sannan ya dawo ya ce ba sa ajiye abin da ba za a ɗora ba, an goge. Ya ƙara da cewa in na duba zan ga sabon aikin ya fi tsabta.

Shekara ashirin da biyu kaset ɗin nan yana akwatina. Ya tsallake gobarar da ta ci ɗakin girki, ya tsallake ruwan da ya shiga gidan nan har gwiwa. Wata uku kacal ya yi a hannun masu ilimi da na'urori. Har yau in na tuna muryar mutumin nan sai in ji ɗaci a harshena. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Shi dai a wurinsa wani tsoho ne daga Sakkwato yake surutu a kan shara. Wa ya ce masa Hausarmu nauyi gare ta? A wane sikeli ya auna? Garin da aka rubuta littattafai da waƙoƙi da wannan harshe tun kakanninsa ba su san alƙalami ba, shi ne yau za a ce a gyara masa baki don kada mai haya ya yi dariya. Kuma ko da Hausar tamu dutse ce, tawa ce. Ba su tambaye ni ba. Lambata tana jikin takardar.

Attahiru ya kashe wayar. Shi ma ransa ya ɓaci, amma da ni. Ya ce na kunyata shi a gaban manyansa. Ya ce ya san za a sake sautin, sun gaya masa, ya ga ba abin tayar da hankali ba ne shi ya sa bai faɗa ba.

"Kuma Baba, sun ce mini kai ma ɗora murya ka yi. Bakin matar bai tahiya da maganar. Kai ka cire ta wata ka sa ta wata, su ma haka sunka yi. Mi ab bambanci?"

Na tambaye shi ko ya saurari kaset ɗin kafin ya aika. Ya ce ya saurara, daga farko har ƙarshe, a shagon wani mai gyaran na'ura.

"Ka saurara, ba ka gane ta ba?"

"Wa zan gane?"

"Muryar uwarka ta, Attahiru. Ita kaɗai ta rage, kai kuwa ka sa hannu anka zubar."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu yana tsaye ba sai ranar. Ya jingina da bango. Ni kuwa maimakon in kama shi, sai na ƙara masa. Na ce ɗan da bai san muryar uwarsa ba, ban san abin da zai sani ba a duniya. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Bai gaya wa kowa abin da na faɗa masa ba, ni ma ban faɗa ba. Shi ya sa kuka tashi da rabin labari.

Bayan kwana biyu na tafi Minanata wurin Kawunku Sani, ƙanen Kulu, wanda yake lauya. Shi kaɗai ya san sirrin bayan Malam. Na ce ina son a sauke fim ɗin daga kantin. Ya karanta yarjejeniyar sau biyu, ya cire tabarau ya ajiye.

"Ana iyawa, Yaya Ummaru. Takardar da ka ba shi ba ta ce a canza komi ba. Amma ka san inda abin zai hwaɗa. In munka ce ba ka yarda ba, to shi na ya sa hannu bisa abin da ba a ba shi izini ba. Za su kore shi. Ka yi tunani."

Na yi tunani, kada wani ya ce muku ban yi ba. Mako guda ina yi. Luba ta zo ta zauna a bakin gadona ta ce in bar wa Allah, wanda ya mutu ya mutu, mai rai ake dubawa. Ba ta san dalilina ba, amma maganarta gaskiya ce. Sai dai duk sanda na rufe ido sai in ga wani a wani gari ya biya kuɗinsa, ya kishingiɗa, yana kallon Ɗan Ige da sauran matattun mutanena suna magana da bakin aro, da sunana a rubuce a ƙasa cewa ni na yi. Kwana biyu nasa, ya gama, wani ya karɓa. Ana hayar ƙarya da sunana, a daidai wurin da Kulu ta zauna ta rufe ido. Na kasa. Na koma na ce wa Sani ya rubuta takardar.

An sauke fim ɗin cikin wata guda. An sallami Attahiru a satin. Sauran tsofaffin masu fim da ya yi wa alkawari suka janye, sunansa ya ɓaci a harkar. Auren da ake shirin yi masa aka ɗaga, daga baya ya watse. Ya tattara ya koma Kaduna yana aikin da bai kai rabin wancan ba. Sallah shida bai zo gida ba. Yakan kira Luba, yakan kira ku, ni kuwa sai dai a ce yana gaishe ni. Ku kuma kuka daina zama in na shigo falo. Duk na gani. Na san abin da na saya da abin da na bayar, kuma in aka mayar da ni ofishin Sani yau, ban da tabbacin zan faɗi wani abu daban. Kamfanin nan kuwa ban yafe ba. Ko takardar ban haƙuri ba su aiko ba. Har gobe suna nan suna ba da haya.

Bara da damina, da hantsi, ina zaune a zaure sai ga shi ya yi sallama. Ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, sannan ya ciro waya ya ajiye a kan tabarma. Ashe duk shekarun nan, in ya samu hutu, ba Kaduna yake zama ba. Garuruwa yake bi yana neman waɗanda suka taɓa riƙe shagon hayar kaset. Ya je Gusau, ya je Argungu, ya je Illela. A Tambuwal ya samu wani tsoho da ya koma sayar da taki, yana da buhu biyu na kaset a bayan shago. A ciki akwai nawa guda ɗaya. Gara ta ci kwalin, damshi ya cinye fiye da rabin zaren. Wannan karon bai aika wa kowa ba, tsayawa ya yi a kan mai gyara har aka kwashe abin da ya rage. Minti goma sha ɗaya ne.

Ya danna. Hoton yana rawa, sautin yana shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Sai ga ta. Ba wurin rakiyar ba ne, wannan ya tafi. Wani ɗan wuri ne da take faɗa da mai kawo itace a kan ya jiƙa mata kaya. Kulu ce, da 'yar dariyar nan da take ɓoyewa a ƙarshen faɗa. Na riƙe gemuna, hawaye yana bin yatsuna, ban damu ya gani ba.

Da ya ƙare na ɗago. Shi idonsa a bushe yake, yana kallon ƙasa.

"Baba, tun daga Tambuwal nika saurare. Na ji ya fi sau ɗari. Na so in tuna ta, wallahi na so. Ban tuna ba. Muryar wata mata ce kawai nika ji."

A nan ne abin ya sauka a kaina. Shekara bakwai gare shi da ta rasu. Muryar tana cikin gidan nan, a ƙarƙashin gadona, taku goma daga inda yake kwana yana kukan uwarsa, ni kuma na kulle ta na rataya makulli a wuyana don kada ni in ji zafi. Sannan na tsaya a zauren nan na zage shi don bai gane abin da na hana shi ji ba. Mutanen kantin sun zubar da ita a wata uku, wannan nasu ne, kuma ina binsu bayani har gaban Allah. Amma shekara ashirin da biyun da suka gabata babu hannunsu a ciki.

Ban ba shi haƙuri a ranar ba. Na dai matsa masa a kan tabarma, na ce ya sake kunnawa. Ya kunna. Na riƙa dakatarwa ina gaya masa: nan ta yi tari muka sake ɗauka, nan kai ne ka kuɓuce wa Luba ka shigo da gudu ka ɓata mana, ta kore ka da mafici tana dariya. Muna nan har aka kira azahar, ba mu ji ba sai da Luba ta leƙo ta ce liman ya tayar.

Attahiru, Nana za ta aika maka da wannan kafin kowa ya karanta. Maganar da na faɗa maka a zaure, na janye ta. Ni ne ban kyauta ba.